Shekarar da Aka Kama Oba-obar Bakur

Na san abin da ake gaya muku a gidan kawunku Bakur, ba sai kun ɓoye mini ba. Tun kuna ƙanana nake lura da yadda kuke fitowa daga gidansa na unguwar Misfala a nan Makka ranar Idi, ku shigo mota ku gaishe ni kuna kallon ƙasa, in tambaya ko lafiya ku ce lafiya lau. Ana ce muku ubanku ne ya kai ƙarar yayan matarsa wajen hukuma, ya rushe sana'ar da kakanku ya kafa. Shekara da shekaru na yi gum, don amsar da nake da ita ba cikakkiya ba ce, kuma ina jin kunyar ba ku rabin magana. Yanzu gemuna ya yi fari fat, mahaifiyarku ta riga mu gidan gaskiya, ba na so ku binne ni da wannan zance rataye a wuyana. Da Hausa zan rubuta, ko da yake na san wasu wuraren sai kun nemi mai fassara muku. Larabcina na kasuwa ne da na tuƙi, ba ya iya ɗaukar irin wannan magana.

Ni baƙo ne a gidan nan, kuma ba a taɓa barina na manta da haka ba. Daga Ɗambatta na zo da iƙamar direba, wato takardar izinin zama, na samu aiki wurin kakanku, wanda yake dafa wa alhazan Najeriya da Nijar abinci a lokacin aikin Hajji. Tuwon shinkafa ne da miyar kuka da dambu, irin abin da tsohon da ya fito daga ƙauye zai ci ya ji ya ci abinci. Shi ya ba ni Asiya, mahaifiyarku, ba tare da ya nemi shawarar kowa ba, kuma akwai waɗanda abin bai yi musu daɗi ba. Da ya rasu sai ragamar sana'ar ta koma hannun Bakur, yayan Asiya. A Makka aka haifi Bakur, ɗan ƙasa ne da takardunsa, Hausarsa rabi Larabci ce. Mutum ne mai kyauta, ba zan zalunce shi ba, amma in ya kafe a kan abu gara ka je ka nemi wani aikin yi. Mahaifiyarsu, wadda kuke kira Sitti, tana ɗakinta a hawa na biyu, ba ta cika saukowa ba, amma ko cokali ya faɗi a ƙasa sai ta san wanda ya yar.

A wancan zamani wayar hannu ba ta da amfani ranar Arfa. Mutane sun cika fili, kowa yana kiran gida, sai ka yi ta dannawa layi ya ƙi shiga, ga abinci a mota yana hucewa, ga alhazai a tanti suna jira. Shi ya sa muke aiki da oba-oba, wadda mutanen nan suke kira lasilki. Irin ƙananan nan ne da ake sayarwa a fili cikin shago, waɗanda hukumar sadarwa ta yarda kowa ya riƙe ba sai ya nemi takardar izini ba. Mai shagon da nake saya a wurinsa ya zaunar da ni tun ranar farko ya yi mini bayani. Ƙarfinta ba ya wuce rabin wat, eriyarta a manne take ba a kwance ta a ɗaura doguwa, kuma tashoshinta 'yan kaɗan ne, duk a tare a wuri ɗaya da aka ware wa jama'a, wajen mita ɗari huɗu da arba'in da shida. Ya ce muddin kana cikin wannan shingen babu ruwan kowa da kai, amma duk inda ka leƙa bayansa akwai mai shi, ko kana jin motsinsa ko ba ka ji. Na riƙe wannan magana da kyau, don mai iƙama ba ya wasa da kalmar izini.

Ba zan ce ƙananan nan ba su da ban haushi ba. Ba sa kaiwa nesa, in mota ta yi nisa da wurin girki sai murya ta riƙa yankewa, har sai mun tsayar da mutum a tsakiya yana karɓar saƙo yana miƙawa. Sannan tashar ta kowa ce. Ka kira Bakur ka ji ɗan Indunusiya yana cigiyar motarsa, ka sauya tasha ka faɗa kan Baturke yana zazzaga wa wani masifa. Bakur ya tsani wannan cunkoso. Ya sha cewa shi ba zai riƙa bin layi da 'yan dako kafin ya yi magana da ma'aikatansa ba.

A shekarar da nake ba ku labari, wani ɗan kasuwa daga Kano da ya saba sauka a gidan ya zo Umarar azumi, ya kawo wa Bakur tsaraba a kwali, ya binne ta a ƙarƙashin buhunan kuka da daddawa. Tun daga yadda aka ɓoye ta jikina ya ba ni ba lafiya ba. Oba-oba ne manya, baƙaƙe masu nauyi, eriyarsu doguwa ana kwance ta, ga maɓallan lamba a gaba, duk mitar da ka ga dama ka danna ta kai ka. Bakur ya ɗauki wasu, sauran ya tura su can bayan buhunan shinkafa a ɗakin ajiya. Watan Shawwal kaf a saman bene ya yi shi, bayan la'asar, yana danne-danne yana kasa kunne. Ran nan ya aiko a kira ni. Na tarar da shi yana murmushi, ya tura mutum can Aziziyya da guda ɗaya, kuma ga muryar mutumin tana fitowa tar kamar yana bayan ƙofa. Da suka yi shiru babu ko ƙarar iska a tashar.

"Ka ji ko, Abu Faisal? Ma fi ahad, babu kowa. Fili ne Allah ya ba mu, mu kaɗai."

Na ce masa Mina ma in ya je yau zai tarar da tantuna ba kowa, amma ya bari sai ranar takwas ga Zulhajji ya shiga ɗaya ya shimfiɗa tabarma ya ga ko ba shi da mai shi. Na ce tashar da ta yi tsit haka a Shawwal, ajiye ta aka yi wa wasu, kuma masu ita suna nan tafe tare da alhazai. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce tsoron iƙama ya hana ni tunani. Na ce ƙwarai kuwa tsoro nake ji, don shi in an kama shi tara zai biya ya koma gida ya ci tuwo, ni kuwa jirgi za a saka ni in bar mata da 'ya'ya. Magana ta yi zafi, muka sauko ƙasa muna yi, har a gaban masu girki. A nan na yanke hukuncin da nake a kansa har yau, na ce ba zan taɓa abin nan da hannuna ba, kuma ba zai shiga motata ba, ni da ƙaramata zan yi aiki. Sai na ƙara da kalmar da aka riƙe mini. Na ce wallahi wannan kwalin sai ya kawo mana hukuma har cikin gida. Gargaɗi na yi, amma daga baya duk wanda ya maimaita ta sai ya maimaita ta da muryar barazana.

Gida ya rabu ba tare da an ce ya rabu ba. Sitti ta aiko a ce mini babba babba ne, in bi shi a zauna lafiya. Masu girki suka fara yin shiru in na shigo. Mahaifiyarku ta hau wurin yayanta ta roƙe shi, ta sauko idonta jajir, ta zauna bakin gado. Ku kun san ta da sanyin magana, amma ran nan da ta buɗe baki muryarta ba ta rawa.

"Ba zan zauna ina kallo a raba ni da kai saboda taurin kan Yaya ba."

Na ce ta bar wa Allah, tunda ni dai na cire hannuna. Ta ce wanda yake tuƙa motar abincin Bakur ba zai ce wa jami'i ya cire hannunsa a saurare shi ba, tare za a kwashe. Gaskiya ta faɗa. Ana saura kwanaki kaɗan mu fita Arfa, da safe ta sa abayarta ta ce za ta asibiti, kanta ke ciwo. Ba ta dawo ba sai gab da azahar, kuma ban ga magani a hannunta ba. Na lura, amma hankalina yana kan tukwane da gas da takardar shigar mota, ban tambaye ta ba.

Ranar Arfa na yi sahun farko lafiya, da 'yar ƙaramata a aljihu, ɗaya kuma a hannun wani dattijo mai tuƙa tuwo da ya yarda ya riƙe mini. Da na dawo ɗaukar sahu na biyu sai na ji wata murya tana fitowa daga oba-obar Bakur, Balarabe ne yana magana a fusace. Cewa yake duk wanda ke kan wannan tasha ya sauka yanzu, ta motocin ɗaukar marasa lafiya ce. Ashe tun safe ake ta faɗa musu haka. Mutanenmu sun ɗauka wasu masu abinci ne ke son ƙwace musu fili, suna ta mayar masa da baƙar magana da Hausa suna dariya. Ku duba wannan abu, ana neman motar da za ta ɗauki tsohon da rana ta buga, ana jin wani yana tambaya ko miya ta isa tanti na gaba. Bakur ya kashe tasa na ɗan lokaci, fuskarsa ta canza. Amma abinci ya makara, wata motar ta ɓace a cunkoso, sai ya sake kunnawa ya ce minti ɗaya kawai.

Ba a yi la'asar ba jami'an hukuma suka iso. Abin da ya tsaya wa kowa a rai shi ne yadda suka zo, kai tsaye, ba su tambayi hanya ba, ba su leƙa tantin kowa ba. Ɗaya ya tare ni a bakin mota ya karɓi tawa, ya juya bayanta ya duba, ya taɓa eriyar, ya miƙo mini ya wuce. Duk masu girki suna kallo. Suka shiga suka ce ina Abu Majid, wato Bakur, suka tattara oba-obar da ke hannun kowa suka tafi da shi. Ni na ƙarasa rabon abincin ranar da na kwanakin Mina, da ƙananan da ya raina. Bayan an sauko kuma wasu suka zo gidan Misfala da takarda, suka ce a fito da sauran da ke cikin kwali a ɗakin shinkafa. Haka suka faɗa, ɗakin shinkafa. Bakur ya dawo gida bayan an ci shi tara, amma kamfanin da yake ba mu aikin alhazai ya soke sunansa, kuma babu wanda ya sake ba shi. Manyan tukwanen kakanku suka koma ƙarƙashin matakala a kife.

Babu wanda ya zo ya ce mini kai ne. Gaisuwa ce ta fara gajarta. Kwanon da Sitti take aiko mana duk Juma'a ya daina zuwa. A masallacin unguwa wanda muka saba tsayawa kafaɗa da kafaɗa sai ya tuna yana da sauri. Na ji ana cewa me ya sa shi kaɗai aka mayar wa tasa, me ya sa shi kaɗai aka bari ya ƙarasa aiki, ai shi ya faɗa da bakinsa cewa hukuma za ta zo. Raina ya ɓaci ƙwarai, na koma wurin mai shago na kwashe labari na gaya masa. Ya ce ba sai an kai ƙara ba, hukuma tana da na'urar da ke bin murya har inda take fitowa, balle mai ƙarfi irin wannan da aka wuni ana surutu a kanta. Sunan Abu Majid kuwa, ai tun safe ma'aikatansa suke kiransa a iska, duk mai kunne ya ji. Na fito da sanyin zuciya, har na fara shirya yadda zan yi wa Bakur bayani. Ina cikin tafiya sai ɗakin shinkafa ya faɗo mini a rai, na tsaya cak a kan hanya.

Na'ura tana bin murya, amma ba ta ganin kwalin da ke kashe a bayan buhu. Ɗan kasuwar ya koma Kano tun bayan Sallah, kuma bai ga inda aka ajiye ba. Masu girki ba sa shiga ɗakin. Waɗanda suka sani mu huɗu ne, Bakur da Sitti da ni da mahaifiyarku. Zai yiwu Bakur ne da kansa ya faɗa da aka matsa masa da tambaya, kunya ta hana shi amsawa, ko da yake ya yi ta rantsuwa bai faɗa ba. Zai yiwu wani ya leƙa ban sani ba. Amma tun daga ranar na fara kallon matata da wani ido, kuma na ji ƙyamar kaina a kan haka. In ta yi shiru in ce tunanin me take yi, in ta yi fara'a in ce me ya sa hankalinta ya kwanta. Ciwon kan nan da ya tafi asibiti ya dawo ba magani ya dinga yi mini yawo a ka. Sau da yawa na buɗe baki zan tambaye ta, sai in ga tana ba ɗayanku abinci, in haɗiye.

A gidan kakanku in rigima ta ƙi ƙarewa, Alƙur'ani ake ɗaukowa. Haka ya saba yi tsakanin ma'aikatansa, wanda ya dafa ya rantse an wanke shi, ba a sake tayar da zancen. Wata ranar Alhamis bayan la'asar Sitti ta tara mu a ɗakinta, ni da Bakur da Asiya. Ga Alƙur'ani a kan matashi. Ta ce ta gaji da gidan da ake gaisawa da haƙora, in yi alwala in dafa kowa ya huta. Wallahi daɗi na ji, don abin da nake jira ke nan. Na yi alwala na dawo na durƙusa, na miƙa hannu na ce zan rantse ban kai ƙarar Bakur ba, ban aika kowa ba. Sai Bakur ya ɗaga hannu.

"La, ba haka ba. Ka ce ba kai ba ne, kuma ba daga ɗakinka maganar ta fita ba. Kai da duk wanda ke ƙarƙashinka."

Ni na san abin da yake nufi. Yana zargin na yi wa wani aboki zancen ne da gangan don ya kai, ƙanwarsa ko kusa ba ta zo masa a rai ba. Na juya na dubi Asiya. Kanta yana sunkuye, tana jan wani zare a bakin darduma, ba ta ɗago ba. Hannuna yana sama da littafin Allah, a cikin garin Makka, ana so in rantse a kan abin da ban sani ba. In kuma na ce ga dalilina, na jefa 'yar gida a bakin uwarta da yayanta a kan zato. Na janye hannuna na ɗora a cinya, na ce a kaina kaɗai zan iya rantsuwa. Bakur ya yi wata 'yar dariya ya tashi ya fita. Sitti ta rufe Alƙur'anin da mayafi ta ce shi ke nan, ta ji.

Kafin wata ya ƙare muka bar Misfala muka kama haya can bayan gari, na koma tuƙin motar haya. Mahaifiyarku ta bi ni ba ta yi gardama ba, ta haɗa kayanta ta bar gidan da aka haife ta. Ranar Idi take kai ku, ni in tsaya a mota a bakin titi. Da Sitti ta kwanta ciwon ajali ba a kira ni ba, a Harami na yi mata salla cikin taron da bai san ni ba. Bakur in mun haɗu a jana'iza yana ba ni yatsu biyu ya kau da kai, har yau haka muke. Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye muku ba, don na so gidan nan kamar gidan ubana. A duk tsawon shekarun nan ni da Asiya ba mu taɓa ambaton wannan rana ba. Ba ta tambaye ni me ya sa na janye hannu ba, kuma wannan rashin tambayar ma na juya shi a raina ta kowace fuska ban samu matsaya ba.

A ciwonta na ƙarshe, wata safiya kun fita kun bar mu mu biyu, na haɗa mata shayi ina fifita shi. Ta rame sosai, magana ma da ƙyar. Ta kama hannun rigata ta ce:

"Abu Faisal, zancen lasilkin nan na Yaya. Akwai abin da nake so in..."

Na ce ta sha shayinta kada ya huce. Ta sake buɗe baki, na ce Asiya, don Allah ki bari. Tsoro ne ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko ranar da jami'ai suka tare ni. In ta ce ita ce, to na san don ni ta rasa uwarta da yayanta, kuma ban san inda zan ajiye wannan ba. In ta ce ba ita ba ce, tana so ne kawai ta ji me ya hana ni rantsuwa, to sai in dubi idonta in gaya mata cewa rabin zamanmu ina zarginta, kuma a kan iska na raba ta da danginta. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta saki rigata ta karɓi kofin da hannu biyu ta kurɓa, ta ce sukari ya yi yawa. Ba ta sake tayar da zancen ba har Allah ya karɓi abarsa.

Ni ban kai ƙarar Bakur ba, kuma ban aika kowa ba. Abin da ya wuce wannan, da ni da ku duka ba mu sani ba, kuma ni na zaɓa mana hakan.